Earl Cameron, Ɗan Bamuda Wanda Ya Hau Karagar Najjashi

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli fim ɗin nan na tarihin farkon Musulunci wanda Larabawa ke kira Ar-Risala, Turawa kuma suke ce masa The Message, ko a talabijin cikin dararen azumi, ko a kaset ɗin bidiyo zamanin da kaset ke tashe, ba zai rasa tuna majalisar sarkin Habasha ba, inda wani dattijo baƙi mai kwarjini ya zauna bisa karaga, ya saurari jakadan Ƙuraishawa har ya dasa aya, sa'an nan ya juya ga Musulmin da suka yi hijira zuwa ƙasarsa ya ce su ma su kawo hujjarsu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san sunan mutumin da ya sa wannan rigar sarauta a kwafin Turanci na fim ɗin, balle su san irin doguwar tafiyar da ta kawo shi kan wannan kujera. Sunansa Earl Cameron, kuma sa'ad da aka ɗauki fim ɗin ya riga ya shafe fiye da shekara 30 yana wasan kwaikwayo a Ingila, a bisa dandamali da cikin sinima da talabijin, cikin wani zamani da baƙar fata ba ya samun matsayi a wasa sai in labarin yana bukatar bara, ko ɗan dako, ko wani wanda launin jikinsa ne matsalar da za a tattauna.

An haife shi ran 8 ga Agusta, 1917, a gundumar Pembroke ta Bamuda, wasu 'yan tsibirai ƙanana da ke tsakiyar tekun Atlantika ƙarƙashin mulkin Ingila, waɗanda faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 54 ba. Shi ne autan 'ya'ya shida, ubansa magini ne, ya kuwa rasu tun Earl yana ƙaramin yaro. An 'yanta bayi a Bamuda tun 1834, amma 'yanci a takarda daban, zama daidai a cikin gari daban, domin har bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan otal-otal na tsibirin ba sa karɓar baƙar fata sai a matsayin ma'aikaci, gidajen sinima kuma sun keɓe wa Turawa kujerun da baƙi ba ya isa ya zauna a kai ko da ya biya kuɗin, kuma ba a kawar da wannan al'ada ba sai a 1959, bayan da jama'a suka ƙaurace wa gidajen sinima har masu su suka sakko. Saurayin da ya tashi a irin wannan wuri, ba gona ba masana'anta, hanyarsa ta ganin duniya ita ce teku. Don haka ya kama aiki a jirgin fasinja mai suna Monarch of Bermuda, wanda ke kai da kawowa tsakanin tsibirin da birnin Niyok, daga bisani ya koma wani jirgi mai suna Eastern Prince. Yana cikin wannan jirgi yaƙi ya ɓarke a 1939, aka karkata akalar jirgin zuwa Ingila, ya sauka Landan cikin kakar wannan shekara, ba da niyyar zama ba, sai ga shi zaman ya kama shi.

Landan ta lokacin yaƙi tana neman hannaye ruwa a jallo, amma duk da haka masana'antu suka riƙa juya masa baya saboda launinsa, har ya ƙare a ɗakunan girki na otal yana wanke kwanuka da tukwane. A cikin wannan hali ne wani abokinsa ya kai shi kallon wasan waƙa mai suna Chu Chin Chow, wanda aka gina bisa hikayar Ali Baba da ɓarayi arba'in, wadda masu karatun Dare Dubu da Ɗaya suka sani sarai. Ya ga akwai 'yan baƙaƙen fata cikin ayarin masu amshi, ya nemi a sa shi, da wani ya ƙi zuwa aiki sai aka kira shi ya cike gurbin. Bai iya waƙa ba, bai taɓa karatun wasa ba, abin da ya kai shi kurum shi ne gudun tukunya. Ga al'adar masu rubuta tarjamar manyan mutane sukan ce alamar baiwa ta bayyana ga wane tun yana cikin zanen goyo. Shi Cameron bai taɓa ɓoye cewa yunwa ce malamarsa ta farko ba, kuma a ganina wannan ya fi kyau a ji.

Daga amshi ya sami ƙaramin matsayi mai magana a wasan The Petrified Forest, inda ya fito direban wani attajiri, kuma abin da ya taimake shi shi ne harshensa na mutanen Bamuda, wanda a kunnen Bature ɗan Ingila ya yi kama da na Amurkawa. Bayan yaƙi ya bi ƙungiyar da ke nishaɗantar da sojojin Ingila har ƙasar Indiya. Amma wurin da ya koyi sana'ar haƙiƙatan shi ne wasan Deep Are the Roots, na Arnaud d'Usseau da James Gow, wanda ke ba da labarin wani hafsan soja baƙar fata da ya dawo daga yaƙin Turai da lambar girma a ƙirji, ya tarar garinsu a kudancin Amurka yana nan yadda ya bar shi, ana jiran ya sunkuyar da kai kamar dā. Da aka kawo wasan Landan a 1947, Ba'amurke Gordon Heath ne ke riƙe da babban matsayi, Cameron kuwa yana zaune a bayan labule a matsayin mai jiran gurbi, daga baya ya gaje shi, ya yi ta yawo da wasan a garuruwan Ingila. A wancan zamani kusan kowane babban gari yana da ƙungiyar 'yan wasa ta dindindin, wadda ke nuna wasa guda kowane dare tsawon mako, alhali da rana tana haddace na mako mai zuwa, kuma da yake waɗannan ƙungiyoyi ba su da baƙar fata a cikinsu, duk wadda ta so nuna wannan wasa sai ta aika masa. A Coventry ya yi wasa da wani saurayi mai suna Patrick McGoohan, wanda daga baya ya zama tauraron talabijin, bai kuwa manta da shi ba.

A nan ya kamata a ambaci malamarsa, domin silsilar da ya shiga ta hannunta ba ƙarama ba ce. Amanda Ira Aldridge, wadda ta koya masa fitar da haruffa daga mafitarsu da sarrafa numfashi da murya, 'ya ce ga Ira Aldridge, baƙin Ba'amurken da aka haifa a Niyok a 1807, ya ƙetaro Ingila don ƙasarsu ba ta ba shi fili ba, ya fito Othello a dandamalin Covent Garden a 1833, ya zaga Jamus da Rasha sarakuna suna ba shi lambobin girma, har ajali ya same shi a birnin Lodz na ƙasar Folan a 1867. Ita Amanda an haife ta shekara guda kafin rasuwar uban, ta rayu har 1956, cikin almajiranta kuma akwai mawaƙan Amurka Paul Robeson da Marian Anderson. Saboda haka muryar nan mai natsuwa da muka ji tana fita daga bakin Najjashi, wadda ba ta gaggawa ba ta kuma haɗiye ƙarshen kalma, tana da isnadi da ya tuƙe zuwa farkon ƙarni na 19, mutum biyu kacal tsakani.

Ƙofar sinima ta buɗe masa a 1951, da fim ɗin Pool of London, wanda Basil Dearden ya shirya wa kamfanin Ealing. Wani jirgin kaya ne ya tsaya a tashar kogin Tems na 'yan kwanaki, cikin ma'aikatansa akwai Dan, wanda Bonar Colleano ya fito, ɗan fasa-ƙwauri na ƙananan kaya da ya faɗa hannun ɓarayin lu'ulu'u, da abokinsa Johnny Lambert, ɗan Jamaika mai kunya da riƙon amana, wanda shi ne Cameron. Johnny ya haɗu da Pat, Baturiya mai sayar da tikiti a gidan wasa, wadda Susan Shaw ta fito, suka yi yini guda suna yawo cikin birnin da bom ya rurrushe, suna hira irin ta mutum biyu da suka ga juna suka kuma san ba inda abin zai kai su. Ba su rungumi juna ba, ba su yi alkawari ba, jirgin ya tashi ya tafi da shi. Amma ko wannan kaɗan ɗin, ana lissafa shi cikin farkon abin da sinimar Ingila ta nuna na shaƙuwa tsakanin baƙi da Baturiya, shekara uku kacal bayan da jirgin Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karibiyan a Tilbury cikin Yunin 1948. Abin da ya burge masu sharhi a wasansa shi ne ƙarancin motsi. Ya zo daga dandamali, inda ake ɗaga murya don na kujerar baya ya ji, amma nan da nan ya fahimci cewa kyamara tana kusa, tana ganin abin da ke cikin ido, sai ya bar fuskarsa ta yi aikin da wani zai yi da hannu da ihu. In aka zage shi a cikin fim ɗin, ba ya ramawa, ba ya kuma ƙasƙantar da kai, yakan yi shiru irin wanda ke sa mai kallo ya ji kunya a madadin mai zagin.

Da a Amurka ne, kuma da shi Bature ne, irin wannan fitowa ta farko takan jawo wa ɗan wasa yarjejeniyar shekara bakwai da kamfani, a riƙa rubuta labarai dominsa. Shi abin da ya biyo baya shi ne dajin Afirka kamar yadda Turawan lokacin suke hasashensa. A Oktoban 1952 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar ta-ɓaci a Kenya saboda boren Mau Mau, masu sinima kuwa suka ga kasuwa. A fim ɗin Simba na 1955, tare da Dirk Bogarde da Virginia McKenna, Cameron ya fito likita Karanja, ɗan boko da Turawa ke tuhuma da munafunci, danginsa kuma suke ganin ya sayar da su, alhali ubansa, wanda Orlando Martins ɗan Ikko ya fito, shi ne jagoran boren a ɓoye. A ƙarshe likitan ya mutu yana ƙoƙarin tsayar da mutanensa. Shekara guda bayan haka, a fim ɗin Safari, sai aka juya shi ya zama shi ne madugun 'yan Mau Mau mai kisa ba tausayi. Watau Ba'afirke a idon waɗannan finafinai iri biyu ne, ko mai ladabi da ya yi karatun Turawa ya mutu dominsu, ko mai adda. Maganar ƙasar noma da aka ƙwace wa Kikuyu a tsaunukan Kenya, wadda ita ce asalin rigimar, ba a ba ta sarari ba sai a fakaice. Ya kuma fito a finafinan Tarzan, waɗanda ba su cancanci a tsaya a kansu ba.

Mai karatu na yau yana iya tambaya, don me mutum mai mutunci zai karɓi irin waɗannan matsayi? Paul Robeson ya fito a Sanders of the River a 1935, da ya ga yadda aka tace fim ɗin ya zama kirarin mulkin mallaka sai ya barranta daga gare shi a bainar jama'a. Amma Robeson yana da muryar waƙa da ke cika ɗakin taro a kowace nahiya, yana da abin da zai koma wa. Cameron magidanci ne mai iyali, ba shi da wata sana'a sai wannan, kuma abin da aka ajiye a faifai shi zai ɗauka ko ya kwana da yunwa. Hukuncin adalci a kansa shi ne a duba abin da ya yi da matsayin bayan ya karɓa, kuma duk wanda ya kalli Simba zai ga cewa likitan nan ya fi marubutan da suka ƙirƙire shi hankali, domin ɗan wasan ya zuba masa wani nauyi da baƙin ciki da ba su cikin rubutun.

Sai a ƙarshen shekarun 1950 sinimar Ingila ta waiwayo ta dubi ƙofar gidanta. Cikin watan Agusta da farkon Satumban 1958, gungun samarin Turawa suka far wa baƙaƙen fata a Nottingham da unguwar Notting Hill ta Landan, da sanduna da kwalabe, dare bayan dare. Shekara mai zuwa Dearden ya fito da Sapphire, wanda Janet Green ta rubuta, ya kuma ci lambar fim ɗin Ingila mafi kyau na shekarar. An tsinci gawar wata ɗaliba a filin Hampstead Heath, 'yan sanda suka ɗauka Baturiya ce, har sai da wanta ya iso daga Birmingham ya shigo ofishinsu, sai ga likita baƙi cikin kwat, Dokta Robbins, watau Cameron. Yarinyar ruwa biyu ce, hasken fatarta ya sa ta riƙa shiga cikin Turawa ba a gane ta ba, ta kuma yi baiko da Bature. Daga nan binciken kisan ya zama binciken zukatan mutanen Landan, daga mai gidan haya zuwa ɗan sandan da ke binciken kansa. Wurin da asiri ya tonu ya isa misali na yadda Cameron ke aiki: yana zaune a falon dangin saurayin, yana juya 'yar tsanar yara a hannunsa ba tare da ya ce uffan ba, sai yayar saurayin ta kasa jurewa ganin baƙin hannu bisa kayan 'ya'yanta, ta fashe da ihu, ta tona kanta. Bai yi kome ba sai zama, amma zaman ne ya ɗauki fim ɗin. A 1961 kuma ya fito a Flame in the Streets, tare da John Mills, a matsayin Gabriel Gomez, ma'aikacin masana'anta da abokan aikinsa Turawa ba sa son a ɗora shi a kansu, kuma a wannan fim ya haɗu da Johnny Sekka, haifaffen Dakar, wanda shekara 15 bayan haka zai fito Sayyidina Bilal a Ar-Risala.

A nan ne kuma matsalar ta fito fili. Kamalar da ta zama jarinsa ita ce ta zama shingensa. Likita, lauya, jakada, hafsan soja kamar Kyaftin Abraham na Guns at Batasi a 1964, kullum shi ne mutumin kirki da ake kawowa don a nuna wa Bature cewa ƙiyayyarsa ba ta da hujja, kamar dai baƙar fata bai cancanci a yi masa adalci ba sai ya kasance ba shi da aibi ko ɗaya. Ba a bar shi ya yi barkwanci ba, ba a bar shi ya yi soyayyar da ta kai aure ba, ba a ba shi mutum mai kuskure da tuba irin wanda kowane babban ɗan wasa ke kwaɗayi ba. Sidney Poitier, wanda shi ma ɗan tsibiri ne, daga Bahamas, ya sami lambar Oscar a 1964 saboda Lilies of the Field, domin a Amurka akwai miliyoyin baƙaƙen fata masu sayen tikiti, akwai kuma gwagwarmayar 'yanci da ta tilasta wa Hollywood ta motsa. A Ingila kuwa, a wannan shekara ta 1964 Laurence Olivier ya shafa baƙin fenti ya fito Othello a babban dandamalin ƙasa, aka yi ta tafi, BBC kuma tana nuna shirin The Black and White Minstrel Show, na Turawa masu shafa baƙi suna rawa da waƙa, tun daga 1958 har 1978. A fim ɗin James Bond na 1965, Thunderball, abin da Cameron ya samu shi ne Pinder, mai taimaka wa Sean Connery a Bahamas, 'yan mintoci kaɗan. Poitier ya san darajarsa, da ya zo Landan shirya A Warm December na 1973 ya ba shi matsayin jakadan wata ƙasar Afirka.

Talabijin ce ta riƙe shi a waɗannan shekaru, kamar yadda ta riƙe mafi yawan 'yan wasan zamaninsa. A 1946 an sayar da tikitin sinima fiye da miliyan 1,600 a Biritaniya, amma zuwa 1960 adadin ya faɗo wajen miliyan 500, domin akwatin ya shiga gidaje, musamman bayan naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 da buɗe tashar kasuwanci ta ITV a 1955. Wasannin talabijin na farko kai tsaye ake watsa su, ba gyara ba maimaitawa, in ka manta kalma duk ƙasa ta gani, saboda haka waɗanda suka sha horon dandamali su suka fi dacewa da ita. Cameron ya fito a The Dark Man na BBC a 1960, direban tasi da ke fama da wariya a wurin aiki. Tsohon abokinsa McGoohan ya yi aiki da shi sau da dama a Danger Man, ya kuma sa shi a The Prisoner a 1967. A 1966 ya fito ɗan sama jannati a wani labari na Doctor Who mai suna The Tenth Planet, shekara 14 kafin Arnaldo Tamayo Méndez na Kuba ya zama mutum na farko mai jinin Afirka da ya tafi sararin samaniya da gaske. Abin takaici shi ne, tashoshin talabijin na lokacin ba su ɗauki waɗannan wasanni abin adanawa ba, waɗansu ba a naɗe su ba sam, waɗansu an shafe faifan an naɗi wani abu a kai, ta haka aikin 'yan wasa da yawa na wancan zamani ya salwanta.

Sa'an nan Mustafa Akkad, mai shirya Ar-Risala, ya zo. Shi mutumin Halab ne na ƙasar Sham, ya yi karatun sinima a Amurka, ya ɗaura aniyar nuna wa Turawa tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da harshen da suke fahimta, bisa sharaɗin ba za a nuna surarsa ko a ji muryarsa ba, haka ma halifofinsa huɗu. Ya ɗauki fim ɗin sau biyu a lokaci guda, ayari ɗaya na Larabawa da Abdullahi Gaith a matsayin Sayyidina Hamza, ɗaya na masu Turanci da Anthony Quinn, kowane ayari ya shiga ya yi fitowarsa a wuri guda, an fara a Maroko aka ƙarasa a Libiya, fim ɗin ya fito a 1976. Malamai sun saɓa a kan halaccinsa tun a lokacin, ba kuwa wannan ne wurin warware saɓaninsu ba.

Ƙissar da aka ba Cameron tana cikin mafi daɗin abin da littattafan sira suka ruwaito, ta hanyar Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, wadda tana cikin muhajirai. A shekara ta biyar da aiko Manzo, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, aka umarci raunanan Musulmi su tafi Habasha, domin a can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyaututtukan fatu, suka fara bi ta kan fadawa da limaman coci, da nufin a miƙa musu mutanen ba tare da an ji ta bakinsu ba. Sarki ya ƙi, ya ce ba ya ba da wanda ya nemi mafakarsa sai ya saurare shi. Daga cikin muhajiran, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya tashi ya bayyana halin jahiliyya da abin da Musulunci ya zo da shi, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Abin da wannan fitowa ke bukata ga ɗan wasa shi ne iya sauraro, domin galibin maganar ta Amru ce da Ja'afaru, sarki kuwa aikinsa ya ji, ya auna, ya yanke hukunci, kuma dole mai kallo ya ga hukuncin yana nuna a fuskarsa tun kafin ya furta. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Cameron ya ƙware a kai tun daga Pool of London. Bambancin kawai, a nan ba shi ne ake tuhuma ba, ba shi ne baƙon da ke neman a karɓe shi ba. Shi ne mai gida, shi ne alƙali, fararen fata ne ke tsaye a gabansa suna jiran abin da zai ce. Haibar da finafinan Ingila suka riƙa aro don su wanke kansu, a nan ta sami kujerar da ta yi daidai da ita, kuma ba ƙaramin abin lura ba ne cewa Balarabe Musulmi ne ya ba shi ita, yana ɗauko ta daga tarihin da ya girmi sinima da shekara fiye da 1,200. Najjashin gaskiya, Ashama, shi ne wanda Annabi ya yi wa sallar ga'ib a Madina a shekara ta 9 bayan hijira, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim.

Shi Cameron ba Musulmi ba ne. Tun 1963 ya shiga addinin Baha'iyya, wanda mabiyansa ke ɗaukarsa addini ne mai zaman kansa, malaman Musulunci kuma ba sa lissafa shi cikin Musulunci. Saboda hidimar wannan addini nasa ne ya ajiye wasa a 1979, bayan fim ɗin Cuba, ya kwashe iyalinsa zuwa Tsibiran Solomon a tekun Fasifik, inda ya zauna shekara 15 yana sana'ar askirim. Ya komo Ingila a 1994, shekarar da matarsa ta farko, Audrey, ta rasu.

Mutane da yawa sun ɗauka labarinsa ya ƙare, sai ga mai shirya fim Sydney Pollack ya kira shi a The Interpreter na 2005, fim na farko da aka yarda a ɗauka a cikin zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, tare da Nicole Kidman da Sean Penn. Ya fito Edmond Zuwanie, shugaban wata ƙasar Afirka ta ƙage, wanda ya fara da gwagwarmayar 'yanto mutanensa ya ƙare da kashe su, irin shugabannin da nahiyarmu ba ta bukatar a yi mata bayaninsu. Yana da shekara 87 aka ba shi abin da aka hana shi yana da 40, watau mutum mai laifi wanda bai rasa kwarjini ba, wanda mai kallo zai tsana ya kuma ji tausayinsa, ya kuwa nuna cewa da ma can yana iyawa. Bayan wannan ya yi gajerun fitowa a The Queen a 2006, mai zanen hoton Sarauniya, da Inception a 2010.

Girmamawa ta zo a makare, amma ta same shi da rai. An ba shi lambar girma ta CBE a 2009, a 2012 hukumar birnin Hamilton, hedkwatar Bamuda, ta sa wa gidan wasan da ke cikin ginin majalisar birnin sunansa, Jami'ar Warwick kuma ta ba shi digirin girmamawa a 2013. Ya rasu a gidansa da ke Kenilworth, cikin lardin Warwickshire na Ingila, ran 3 ga Yuli, 2020, saura 'yan makonni ya cika shekara 103.